DAGA ƘOƘON BARA ZUWA DOKAR 2018: TARIHIN HAƘƘIN NAKASASSU DA INDA MUKA TSAYA A TARABA

Da yawa daga cikinmu a nan Jalingo mun taso mun ga makaho da ɗan jagora a bakin masallacin Juma'a, gurgu a ƙofar kasuwa, muka ɗauka haka abin yake tun fil azal. To, yadda al'umma ke riƙon nakasassunta yana da tarihi, kuma wani ɓangare nasa a ƙasarmu ya faru.

A garuruwan Hausa irin su Kano, tun da daɗewa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Su ke sasanta rigima a tsakanin mutanensu, su ke kai kukansu fada. Tsari ne da ya ba su murya, wannan gaskiya ne, amma a kan sadaka aka gina shi. Mai bayarwa ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya wuce.

Da 'yan mishan suka zo sai suka shigo da asibiti da makaranta. An buɗe sansanin kutare na Garkiɗa a 1929, a yankin da daga baya ya zama jihar Gongola, wadda daga cikinta aka cire Taraba a 1991. Mishan ɗin SUM, wadda ta yi zaman hedikwata a Ibi, ita ce ta kafa makarantar makafi ta Gindiri a 1953, inda yara suka fara koyon rubutun makafi da yatsu.

Mu a Taraba kuwa akwai abin da ya fi damun mu, wato makantar kogi. Wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗa ta, kuma ta yi ɓarna ƙwarai a yankunan Bali da Gashaka, inda manoma masu ƙarfi a jika suka rasa idanu suna tsakiyar shekarunsu. A 1987 kamfanin Merck ya fara bayar da maganin Mectizan kyauta, daga baya aka riƙa raba shi ƙauye-ƙauye ta hannun mutanen gari. Maganin ya kare yara masu tasowa. Wanda ya riga ya makance, ba ya dawo masa da gani, kuma babu wata doka mai ƙarfi a lokacin da ta ce ga abin da hukuma za ta yi masa.

Gwamnatin soja ta fitar da wata doka kan nakasassu a 1993, amma a takarda ta ƙare. A 2007 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, ta tabbatar da ita a 2010. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin doka har sau biyu, a 2011 da 2015, Shugaba Jonathan bai sa hannu ba. Jihar Legas dai ba ta jira ba, ta yi tata a 2011. Sai a watan Janairun 2019, ana dab da zaɓe, bayan da aka tambayi Shugaba Buhari batun a wani shirin talabijin kuma nakasassu suka fita zanga-zanga a Abuja, sannan ya sa hannu. Mu lura da wannan: ba kyauta aka ba su ba, fitowa suka yi.

Me dokar ta ce? Duk wanda ya nuna wa nakasasshe wariya saboda nakasarsa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. In kamfani ne, naira miliyan 1. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga nakasassu. Gine-ginen da jama'a ke shiga an ba su wa'adin shekara 5 su gyara, yadda mai keken guragu zai shiga ba sai an ɗauke shi ba. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa, James Lalu ya zama sakatarenta na farko. Dokar zaɓe ta 2022 ita ma ta tanadi a taimaka musu a rumfar zaɓe.

Wa'adin nan na shekara 5 ya cika a Janairun 2024. Kowa ya zaga cikin gari ya ƙirga da kansa: ofisoshi nawa, makarantu nawa, bankuna nawa ne ke da gangaren shiga maimakon matakala? Kurma nawa ne ya je ganin likita ya samu mai yi masa tafinta da maganar hannu? An sauya musu suna zuwa "masu buƙata ta musamman", sunan ya yi daɗi a baki, amma matakalar tana nan yadda take.

Har yanzu in aka ce tallafi, buhun shinkafa da keken guragu ake rabawa a gaban 'yan jarida. Ba mu raina ba, Allah ya saka wa masu bayarwa. Sai dai kashi 5 na guraben aiki ba tallafi ba ne, bashi ne da doka ta ɗora, kuma duk lokacin da aka sanar da ɗaukar ma'aikata muna da ikon tambayar nakasassu nawa ne a cikin jerin sunayen.