LABURARE: GIDAN WANDA BA SHI DA GIDA

Mai karatu, in ka kalli fim ɗin nan The Public na Emilio Estevez, wanda aka fara nunawa a 2018, za ka tuna yadda wasu marasa matsuguni suka ƙi fita daga laburaren birnin Cincinnati a wani dare na matsanancin sanyi, shi kuma ma'aikacin wurin ya goya musu baya har 'yan sanda suka kewaye ginin. Labarin ƙagagge ne, amma rigimar da ke cikinsa ta daɗe a Amurka.

Tun daga shekarun 1960 gwamnatocin jihohin ƙasar suka shiga rufe manyan asibitocin masu taɓin hankali, ana sallamar marasa lafiya ba tare da an tanadar musu inda za su dosa ba. Gidajen haya masu araha kuma sai raguwa suke. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tituna sun cika da masu kwanan waje. Gidajen da ke ba su wurin kwana, da gari ya waye sai a ce kowa ya kama gabansa. To ina mutum zai yini? Laburaren gwamnati ne kusan kaɗai inda za ka shiga ka zauna, ga ɗumi, ga banɗaki, ba wanda zai tambaye ka ko sisi.

Da farko dai ba maraba aka yi da su ba. A garin Morristown na jihar New Jersey akwai wani bawan Allah mai suna Richard Kreimer, wanda ba shi da gida, kullum yana laburare. Sai ƙorafi ya yi yawa, wai yana wari, wai yana ƙura wa mutane ido. A 1989 hukumar laburaren ta kafa dokoki, ciki har da korar duk wanda warin jikinsa ya dami jama'a, aka yi ta fitar da shi. Gogan naka bai tsaya wata-wata ba, ya garzaya kotu. A 1991 alƙali H. Lee Sarokin ya ba shi gaskiya. Da aka ɗaukaka ƙara, a 1992 kotu ta gaba ta soke hukuncin, ta ce laburare na da ikon kafa dokokinsa. Sai dai kafin nan an riga an sasanta da Kreimer da kuɗi: Dala 150,000 daga hukumar garin kan zargin 'yan sanda na musguna masa, da Dala 80,000 daga kamfanin inshorar laburaren.

A ganina, abin da aka fi mantawa da shi a shari'ar shi ne mafi muhimmanci. Kotun da ta kayar da shi ɗin ta amince cewa shiga laburaren gwamnati na cikin 'yancin neman sani da tsarin mulki ya bai wa kowa. Wato ana iya korar mutum don abin da ya aikata, amma ba don talaucinsa ba.

Sauyi na gaske sai a 2009 ya zo, lokacin da babban laburaren San Francisco ya zama na farko a Amurka da ya ɗauki jami'ar walwalar jama'a mai cikakken aiki, Leah Esguerra. Aikinta shi ne zagayawa tsakanin kantocin littattafai tana gaisawa da mutane, wanda ke buƙatar likita ko ɗaki ko takardun neman tallafi ta haɗa shi da inda ya dace. Abin da ya fi burge ni, wasu daga cikin waɗanda suka taɓa kwana a titi an ɗauke su aiki a laburaren, suna taya ta lallashin 'yan uwansu, domin sun san ciwon daga ciki. Birane irin su Denver da Washington suka bi sahu, suka ɗauki nasu jami'an.

Shi kuwa Estevez, abin da ya zaburar da shi wata maƙala ce da Chip Ward, tsohon mataimakin daraktan laburaren Salt Lake City, ya rubuta a 2007. Sai da ya shafe fiye da shekara 10 yana fafutika kafin fim ɗin ya fito.