Makwaikwayin amfilifaya

(suna, namiji; jam'i: makwaikwayan amfilifaya)

Na'urar dijital da ake jona wa jitar lantarki, tana kwaikwayon muryar tsofaffin amfilifaya masu fitilun gilashi a ciki, irin na Fender, Marshall da Vox. Waɗannan ba sa fitar da amonsu mai daɗi sai an ƙure musu murya, abin da maƙwabta ba za su lamunta ba. Makwaikwayi kuwa yana kawo wannan amon cikin hedifon, ko tsakar dare ne.

Kamfanin Line 6 ya yayata shi da POD a 1998, ja, mai siffar ƙwayar wake. Fender Mustang Micro na 2021 kai tsaye ake soka shi a jikin jita, da batirin caji.

Wajen saye, a fara duba ko yana kwaikwayon akwatin sifika ma. In babu, sautin yakan zo da kaushi, yana soke kunne. Sai jinkiri: a taɓa tsirkiya, a ji ta nan take. Yawan muryoyi kada ya ruɗi mai koyo, uku masu kyau sun wadatar.

Misali: "Yaya, ara mini makwaikwayinka, Baba ya kwanta."