Land Cruiser: Tarihin jif ɗin jeji da ya zama tambarin mulki

Da wuya jerin gwanon motocin gwamna, minista ko sanata ya gitta a Nijeriya ba a ga Toyota Land Cruiser a ciki ba, baƙa wuluk, gilasanta a rufe, jiniya na share mata hanya. Sunan nan dai shi ne a jikin fararen motocin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kai agaji Borno da Diffa, shi ne kuma a jikin a-kori-kurar da ake girke wa manyan bindigogi a Sudan. Abin da ya haɗa waɗannan wurare ɗaya ne: mota ce da aka ƙera domin inda babu hanya. Wannan ne ya ɗaukaka ta, kuma shi ne hujjar da 'yan majalisar Nijeriya ke kafawa idan aka tambaye su dalilin saye ta da kuɗin jama'a.

Asalinta

Bayan ɓarkewar yaƙin Koriya a 1950, Amurka, wadda ke riƙe da Japan tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ta sa aka kafa rundunar 'yan sandan ko-ta-kwana a ƙasar. Rundunar na buƙatar ƙaramar mota mai ja da tayoyi huɗu irin Jeep ɗin sojojin Amurka. A 1951 kamfanin Toyota ya fito da samfurin da ya kira BJ, inda ya ɗora injin babbar mota mai silinda shida da girman lita 3.4 a kan shasin ƙaramar motar kaya.

Toyota bai samu kwangilar ba. Mitsubishi, wanda ke haɗa Jeep da izinin kamfanin Willys na Amurka, shi ya yi nasara. Amma a watan Yulin 1951 direban gwaji Ichiro Taira ya hau da BJ har zango na shida na Dutsen Fuji, inda mota ba ta taɓa kaiwa ba. 'Yan sandan ƙasar suka ɗauke ta a matsayin motar sintiri, aka fara ƙera ta da yawa a 1953.

Da farko ana ce mata Toyota Jeep, sai Willys ya nuna cewa sunan Jeep mallakinsa ne. A 1954 daraktan fasaha na kamfanin, Hanji Umehara, ya raɗa mata Land Cruiser, suna mai kama da na Land Rover ta Ingila, wadda ta fito a 1948 kuma ta riga ta mamaye ƙasashen da Turawan Ingila ke mulka, har da Nijeriya.

Yadda ta bazu a duniya

Motocin shiga na Toyota ba su da farin jini a waje a wancan zamani, don haka Land Cruiser ce ta riƙa buɗe wa kamfanin kasuwa. Ta shiga Saudiyya a tsakiyar shekarun 1950 ta hannun Abdul Latif Jameel. A Ostareliya kamfanin gine-gine na Thiess ya yi aiki da ita a babban aikin madatsun ruwa na Snowy Mountains. A 1958 aka fara haɗa ta a Brazil, inda daga baya aka sa mata suna Bandeirante, aka ci gaba da ƙera ta har 2001. A Amurka kuwa guda ɗaya tak aka sayar a shekarar farko, wato 1958.

Samfurin 40, wanda ya fito a 1960 aka kuma ƙera shi a Japan har 1984, shi ya kafa sunanta a Afirka. Sannu a hankali ta ture Land Rover daga gonaki, ma'adinai da ofisoshin gwamnati, saboda ba ta yawan lalacewa kuma kayan gyaranta na samuwa. A watan Satumban 2019 Toyota ya sanar cewa adadin Land Cruiser da ya sayar tun 1951 ya haura miliyan 10, a ƙasashe da yankuna kimanin 170.

Gida ɗaya, rassa uku

Abin da mutane ke kira Land Cruiser a yau motoci ne iri uku da suka bambanta a aiki da farashi.

Reshe na farko shi ne na aikin ƙarfi, wato samfurin 70, wanda ya gaji 40 a 1984 kuma har yanzu ana ƙera shi. Yana zuwa a siffar a-kori-kura ko doguwar mota mai ɗaukar mutane da yawa. Shi sojoji, ma'aikatan agaji da masu haƙar ma'adinai suka fi nema.

Na biyu shi ne babban jif na alfarma. Ya faro da samfurin 55 a 1967, sai 60 a 1980, sai 80, sai 100 a 1998, sai 200 a 2007, sannan 300 a 2021. Samfurin 200 ne 'yan Nijeriya suka fi sani da V8. Lexus LX, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1990, wannan motar ce aka ƙara wa ado da tsada.

Na uku shi ne Prado, wanda ya samu sunansa a 1990. Ya fi babban ƙanƙanta da sauƙin kuɗi. Hilux kuwa ba ta cikin gidan, duk da ana yawan haɗa su a baki.

Sirrin ƙarfinta

Yawancin motocin zamani bodi da shasi a haɗe suke. Land Cruiser kuwa tana da shasin ƙarfe mai siffar tsani, aka ɗora bodi a kai, don haka shasin ne ke shan girgizar ramuka. Tana da giyar ƙarfi ta musamman da ke rage gudu ta ninka ja, domin yashi, laka da hawan dutse. Wasu samfuran na da makullin da ke tilasta wa tayoyi juyawa tare, ta yadda ko ɗaya ta kafe ko ta ɗaga sama, sauran za su fitar da motar.

Injin da ya fi yin suna a Afirka shi ne 1HZ, na dizal mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ba shi da gudu, ba shi kuma da kwamfutar da ke sarrafa feshin mai. Wannan ya sa bakaniken ƙauye ke iya kwance shi da sifana, kuma yana jure man da ba shi da tsabta fiye da injunan zamani.

Mota a fagen daga

A 1987, a ƙarshen yaƙin Chadi da Libiya, sojojin Shugaba Hissène Habré sun tunkari tankokin Gaddafi da a-kori-kurar Toyota kimanin 400 da makaman kakkaɓe tanka na MILAN, waɗanda Faransa ta ba su. A ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous suka ƙwace Fada ranar 2 ga Janairu, suka karɓe sansanin Ouadi Doum a watan Maris, sannan a Satumba suka kutsa cikin Libiya suka kai hari sansanin jiragen Maaten al-Sarra. Abin da tarihi ya sani da Yaƙin Toyota ke nan. Darasinsa shi ne cewa a cikin Sahara mota mai sauri da juriya na iya rinjayar tanka.

Ƙungiyoyin 'yan tawaye da na ta'adda sun ɗauki darasin. A 2015 Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta tambayi Toyota yadda ƙungiyar ISIS ta mallaki motocinsa masu yawa, kamfanin ya ce yana haramta wa dilolinsa sayar wa irin waɗannan mutane amma ba zai iya bin diddigin motar da aka sace ko aka sake sayarwa ba. Ƙungiyar bincike ta Global Witness ta gano cewa rundunar RSF ta Sudan ta sayi motoci sama da 1,000 a farkon 2019 daga diloli a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, akasarinsu na Toyota. Rundunar ce ke yaƙi da sojojin Sudan tun Afrilun 2023. Lokacin da samfurin 300 ya fito a 2021, an sa masu saye a Japan sanya hannu kan alƙawarin ba za su yi gaggawar sake sayar da ita ba, kuma tsoron faɗawarta hannun miyagu na cikin dalilan.

Abin da masu ita ke fuskanta

Masu Land Cruiser sun fi yabon ta a kan abu uku: juriya, samuwar kayan gyara, da riƙe daraja idan an tashi sayarwa. Daga Ladipo a Legas zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, da wuya a rasa abin da ake nema na jikinta.

Ƙorafi na farko shi ne shan mai. Bisa ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, samfurin 200 mai injin fetur na lita 5.7 na cin kimanin kilomita biyar da rabi a kan lita ɗaya a cikin gari. Wanda ke da tanki biyu na ɗaukar lita 138. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, cika irin wannan tanki sau ɗaya ya zarce mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda, wanda ya koma naira 70,000 a 2024.

Na biyu shi ne nauyi da tsayi. Babban jif ya haura tan biyu da rabi, yana buƙatar tazara kafin birki ya tsayar da shi, kuma tsayinsa na sa ya fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka karya kwana da gudu. Idan aka yi masa sulken da harsashi ba ya ratsawa, nauyin na ƙaruwa ƙwarai, birki da tayoyi su riƙa cinyewa da wuri. Samfurin 70 kuwa mai shi ya san wahalar zama a ciki, domin sifirin bayansa na ɗaukar kaya ne, babu ruwansa da jin daɗin fasinja.

Na uku shi ne algus a kasuwa. Akwai jabun kayan gyara masu ɗauke da tambarin kamfanin. Akwai kuma sana'ar sauya wa tsohuwar mota fuska, inda ake canza fitilu, gaba da baya, ta koma kamar sabon samfuri alhali injin da shasin na nan yadda suke. Maganin wannan shi ne mai saye ya duba lambar shasi ya gwada ta da takardun kwastan kafin ya biya kuɗi.

Sababbin samfura ma ba su tsira daga matsala ba. Injunan dizal na zamani ba sa jure gurɓataccen mai. A watan Janairun 2024 Toyota ya dakatar da fitar da samfura goma na ɗan lokaci, ciki har da Land Cruiser 300 da Hilux, bayan an gano cewa kamfanin Toyota Industries ya yi maguɗi a gwajin ƙarfin wasu injunan dizal. A shekarar dai aka janye motocin Tundra da Lexus LX 600 kimanin 102,000 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin injin wajen ƙira. LX 600 da Land Cruiser 300 mai fetur injinsu iri ɗaya ne.

Jif da kuɗin jama'a

Akwai lokacin da motar manyan jami'an gwamnatin Nijeriya ita ce Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975. Gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta mayar da ita motar hukuma a ƙarƙashin manufar rage facaka. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, jifa-jifan ƙasar waje suka maye gurbinta.

A 2016, shekarar da tattalin arzikin ƙasar ya shiga mawuyacin hali, Majalisar Dattawa ta tabbatar da sayen Land Cruiser 36 a kan naira miliyan 36.5 kowace. A watan Oktoban 2023, 'yan watanni bayan cire tallafin mai, rahotanni suka bayyana cewa za a raba wa 'yan Majalisar Wakilai 360 jif na kimanin naira miliyan 160 kowane, jimilla biliyan 57.6, ban da na sanatoci 109. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato ma'aikaci zai shekara sama da 440 yana tara albashinsa kaf kafin ya sayi guda.

Mai magana da yawun Majalisar Wakilai, Akin Rotimi, ya ce motocin na aiki ne kuma mallakin majalisa ne. Shugaban kwamitin hidimomi na Majalisar Dattawa, Sanata Sunday Karimi, ya kare sayen da cewa hanyoyin ƙasar sun lalace, kuma ana buƙatar motar da za ta yi shekara huɗu tana aiki. Ƙungiyar SERAP ta garzaya kotu. Masu suka sun kuma tuna wa majalisar Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017, wanda ya buƙaci ma'aikatu da hukumomin gwamnati su fifita kayan gida, a ƙasar da ke da masu haɗa motoci irin su Innoson a Nnewi.

Ta fuskar injiniya, maganar Sanata Karimi gaskiya ce: babu motar da ta fi wannan dacewa da hanya mai ramuka. Sai dai majalisar da ke sayen motar ita ce ke amincewa da kasafin gyaran hanyoyin, ita ce kuma tsarin mulki ya ɗora wa sa ido a kan yadda ake kashe shi. Wanda ke cikin jif ba ya jin ramin da ke karya sifirin motar haya, kuma shi ne aka damƙa wa alhakin tambayar ina kuɗin cike ramin suka shiga.