Tarihin Kallon Ƙananan Wasannin Ƙwallo a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Ƙananan wasanni, a bakin masu bin ƙwallon ƙafa, su ne duk wasan da ake bugawa ƙasa da gasar firimiya ta Najeriya. A cikinsu akwai rukuni na biyu da ake kira NNL, da rukuni na uku wato NLO, da gasannin da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha take shiryawa, sai kuma can ƙasa, wasannin unguwa da na ƙauye waɗanda babu tikiti babu kujera. Abin da aka rubuta na tarihin ƙwallo a Kano kusan duk lissafin kofuna ne: wa ya ci, a wace shekara, da ci nawa. Jaridu na bin manyan kulob zuwa Legas da Enugu, amma ba sa bin matasan Karfi idan za su je Gundutse buga wasa, ko na Barkum idan sun karɓi baƙuncin na Kumurya. Wannan maƙala ta ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure, kuma hujjarta guda ce: wanda yake son sanin lokacin da kallon ƙwallo ya zauna da gindinsa a waɗannan garuruwa, shekarun da zai duba su ne 1974, da aka gama madatsar ruwa ta Tiga, da 1976, da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Ruwa ne ya tsayar da matasa a gida da rani, makaranta kuma ta ba su fili.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Wasa na farko da aka rubuta a Najeriya an buga shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa tana ɗaukar 1945 a matsayin shekarar kafuwarta, amma masu bincike sun tono sanarwar taron kafa ta a jaridar Daily Times ta watan Agustan 1933, kuma wannan ya fi ƙarfin hujja, domin 1945 shekarar fara gasar Kofin Gwamna ce. A Kano ƙwallo ta shigo ta hanyar makarantun boko, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da kamfanonin Turawa, da mazauna Sabon Gari. A 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1 ta ɗauki Kofin Gwamna, karo na farko da kofin ya bar Legas. Wasu jerin sunaye suna rubuta wannan nasara da sunan Kano Pillars, wanda kuskure ne a fili: zaɓaɓɓun 'yan wasan gari ne suka ci kofin, shekara 37 kafin a kafa Pillars.

An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, kuma a 1978 Raccah Rovers ta Kano ta lashe ta. Da aka koma tsarin ƙwararru a 1990, sai aka haɗe ƙananan kulob uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars, kuma Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Masu ba da labarin Pillars sukan wuce wannan wuri da sauri don su isa ga kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma sunan WRECA ya cancanci a tsaya a kansa. Hukuma ce ta gwamnatin jihar Kano mai kula da albarkatun ruwa da gine-gine, aikinta madatsu da rijiyoyi da bututu. Ke nan ɗaya daga cikin iyayen Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida, kulob ne na ma'aikatan ruwa, wanda yake buga irin wasan da a yau ake kira ƙarami.

A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. Daga nan ruwa yake gangarowa ta babbar magudana, ba tare da injin turawa ba, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara hekta 22,000 a kashin farko na wannan shiri na noman rani, kuma bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 kula da shi ya koma hannun gwamnatin tarayya. Kafin zuwan ruwan, shekarar saurayin ƙauye a ƙasar Hausa kashi biyu ce: damina yana gona, da an kai amfani rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani, Kano ko Kaduna ko kudu, ba a ƙara ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Garin da samarinsa suke watsewa wata biyar ko shida a shekara ba zai iya riƙe kulob ba, balle 'yan kallo. Noman rani ya juya wannan lissafi. Alkama da tumatir da albasa da masara suka cike watannin sanyi da na zafi, shinkafa ta zama sana'ar Kura tun daga gona har turara da casa, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta riƙa cika da manyan motoci masu lodi zuwa kudu. Maimakon samari su fita, sai ma 'yan ƙodago suka riƙa shigowa daga wasu wurare. Rani kuwa shi ne lokacin ƙwallo: fili a bushe, babu ruwan sama da zai tarwatsa taro, ga ɗan kuɗin ƙodago a aljihu da za a yi karo-karo a sayi ƙwallo da riguna, a kuma biya kuɗin motar zuwa wasa a garin maƙwabta.

Sai dai ruwan da ya tsayar da samari shi ne kuma ya sa ƙasa ta yi tsada. Inda magudana take kaiwa, taki ɗaya ba a bari ya zauna banza, kuma babu manomin da zai sadaukar da gonar da take ba shi amfani sau biyu ko uku a shekara don yara su yi guje-guje. Nan ne muhimmancin 1976 yake. Shirin UPE ya sa an gina firamare a ƙauyuka da yawa, kowace da filinta a gaban azuzuwa, a kan tudu, ƙasar hukuma wadda ba ta gado ba ce balle a raba ta. Tare da filin Idi da na sakandare, waɗannan su ne filayen wasan yankin har gobe. Malaman makaranta ne suka fara zama masu horarwa da alƙalan wasa, domin su ne suke da usur da littafin dokoki. A wannan shekara ta 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, abin da daga baya ya haifar da kofin ciyaman da kofin kansila. A sama kuma akwai Kofin Ramat, gasar yara da ƙungiyar YSFON take shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, wadda ta nuna wa masu horar da yara cewa akwai inda za a kai yaro idan ya yi fice.

Tsarin ranar wasa bai canza sosai ba. Ana take wasa bayan la'asar, domin kafin nan 'yan wasan suna bakin ruwa, wani yana ban-ruwa, wani yana tsinkar tumatir, kuma dole a tashi kafin kiran magariba, shi ya sa idan an makara sai a rage mintuna bisa yarjejeniya. Da toka ko farar ƙasa ake zana layi. Raga, idan akwai, an sha ɗinke ta da igiyar buhu. 'Yan kallo su ne shingen fili: suna tsaye a kan layi, duk lokacin da ƙwallo ta nufi gidan baƙi sai layin ya matso ciki, a sa yara masu tsumagiya su mayar da mutane baya. Masu babura suna jera su a bayan raga su zauna a kai, dattawa suna kan benci a inuwar darbejiya, masu rake da gyaɗa da awara da ruwan leda suna kewayawa. Babu wanda yake baƙo a idon ɗan kallo. Mai tsaron gida ɗan maƙwabcinsa ne, mai lamba tara kuwa da safe suka yi lodin kwanduna tare, don haka zagi da yabo duk da suna ake yi, har da sunan uba. Za ka ji ana ihu “Rafali, satar gida ce!” ko “Koci, a cire shi, ya gaji!”, kuma idan aka zura ƙwallo sai fili ya cika da mutane da ƙura, a ɗauki minti biyar kafin a dawo tsakiya.

Kofunan 'yan siyasa sun kawo kuɗi, sun kuma kawo sojan haya, wato ɗan wasan da ake ɗaukowa daga birni a biya shi ya buga wasa ɗaya da sunan ɗan gari. Gasa takan yawaita idan zaɓe ya matso, ta yi ƙasa bayan an rantsar. Wannan aibi ne na gaske, amma bai kai a ce siyasa ce ta haifi wasan ba, domin ɗan takara ba ya sa kofi sai inda ya ga taro ya riga ya haɗu.

Babbar sukar da ake yi wa hujjar wannan maƙala ita ce gidajen kallon ƙwallo sun kashe ƙananan wasanni. Gaskiya ne tun shekarun 2000, da tauraron ɗan'adam da janareta suka isa ƙauyuka, saurayin Kura ya fi sanin jerin 'yan wasan Arsenal ko Barcelona fiye da na kowane kulob na NNL, kuma ranar da manyan Turai suke karawa da yamma fili yakan rage cika. Amma masu wannan suka sun manta abu biyu. Na farko, masu shirya wasa sun daɗe da koyon kauce wa lokacin manyan wasannin Ingila da Sifen, don haka mutum ɗaya ne yake tsayawa a filin firamare da la'asar ya kuma biya kuɗin shiga gidan kallo da daddare. Na biyu, gidan kallo ya ƙara wa filin ƙauye ilimi: sunayen kulob, launin riguna, salon murnar cin ƙwallo, har gardamar tsarin 4-3-3, duk daga allon talabijin suka sauko. Abin da gidan kallo ya raunana shi ne matakin tsakiya, wato wasannin NNL da NLO, waɗanda ba su da armashin Turai, ba su kuma da zumuncin wasan gari.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wai abin da ba shi da rajista, ba shi da teburin maki na dindindin, kuma yakan ƙare da jifa ko korar alƙali, bai cancanci a kira shi tarihi ba. Rikici yana faruwa, ba a musu, kuma a manyan filaye ma yana faruwa, har hukumar lig ta sha cin tarar manyan kulob da hana su wasa a gida. Rashin rubutu kuwa laifin masu rubutu ne. A Ingila, inda ake da matakai masu yawa ƙasa da rukunai huɗu na ƙwararru, yawon ziyartar filaye sha'awa ce mai zaman kanta. A 1978 aka kafa ƙungiyar waɗanda suka kalli wasa a dukkan filaye 92 na manyan rukunai, kuma tun 2010 ake ware rana guda a shekara don jan magoya bayan manyan kulob zuwa ƙananan filaye. Ƙaramin kulob a can yana buga takardar shirin wasa, yana ajiye sakamako na shekaru aru-aru, kuma yana da tsani: idan ya ci rukuninsa zai hau na gaba. Bambancin Kura da ƙauyen Ingila a takarda da tsani yake, amma ta fuskar son wasa da yawan 'yan kallo filin firamare ba shi da abin jin kunya.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami ba ta da yawa. Kano Pillars, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 ta kuma ci kofin ƙalubale a 2019, ta faɗa NNL a 2022, sai a 2023 ta dawo. Barau FC, da aka kafa a 2024, ta hau firimiya a 2025. Abin da ya rage ga yankin Kura da Bunkure yana hannun ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu: duk sabon ajin da za a gina, a gina shi a gefe a bar tsakiyar fili, kada a yanka filin makaranta a mai da shi shaguna ko fulotai. Masu shirya gasa kuma su sayi littafi guda, su riƙa rubuta ranar wasa da sunayen kulob da 'yan wasa da sakamako, su ajiye shi a ofishin hedimasta.