Wai Daji Ba Ya Son Allura

Yau za mu koma baya kaɗan, mu bi sawun wata magana da kowa ya taɓa ji a bakin tsofaffi, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe.

Neman magani ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, shi da kansa ya wallafa littattafan magani, har da na ciwon ido da na basir. A zamaninsa mai ciwo yana da malami mai rubutun sha, da wanzami mai ƙaho da aska, da boka mai saiwa da sassaƙe. Asibiti kuwa sai bayan da Turawa suka ci garin a 1903. Abin da ya biyo mai bindiga, ai ba a rungumarsa rana ɗaya.

Sa'an nan ga rikicin suna. Mikin da ya ƙi warkewa, daji ne. Kumburin nono, daji ne. Cutar nan mai cin kuncin yara, wadda likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, ita ma daji ake ce mata. Alhali kuwa ita ba sankara ba ce. Yunwa da ƙyanda da rashin tsabtar baki su ke buɗe mata ƙofa, in an yi hanzari maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsai da ita. An buɗe asibitinta a nan Sakkwato a 1999. To, in wani miki ya warke a hannun mai ganye, sai labari ya bazu wane yana maganin daji. Mai sankara ta ainihi ya ji, ya tafi can ya ɓata watanni.

Ku lura da yadda abin ke tafiya. Mace ta ji ƙullutu a nono kamar gyaɗa, ba ya zafi. Kunya ta hana ta faɗa. A shafa, a sha, a yi hayaƙi, wani lokaci a tsaga a zuba magani mai cin nama. Sai ya fashe, ya kai hammata, ya kai ƙashi, kana a ɗauko ta a mota. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya yi mata cikawa. Masu zaman makoki su ce, "Da ma sai da aka ce kada a taɓa shi da ƙarfe." Ba wanda ya ƙidaya watannin da aka yi a gida. Da haka maganar ta yi ta samun shaidu.

Ga shi kuwa tun tuni aka ƙaryata ta. A 1958 wani likita a Uganda, Denis Burkitt, ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara. Ba a daɗe ba likitoci, har da Victor Ngu a Ibadan, suka ga allura tana narkar da kumburin cikin 'yan makonni. Watau ga daji wanda allura ce maganinsa.

Amma fa kada mu ɗora wa jama'a laifin duka. Gwajin magani da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ya bar tabo a zukatan mutanen Arewa. Maganin sankara yana da tsada, yana sa amai, yana zubar da suma. An sha ganin injin gashi ya lalace a asibitocin ƙasar nan, marasa lafiya suna ta jira. Mai ganye kuwa yana kusa, kaza ma yana karɓa, yana kuma yin alkawarin waraka. Likita ba ya wannan alkawari.

Wanda ya ga ƙullutu, ko mikin da ya wuce mako uku bai rufe ba, ko zubar jini ba lokacinsa ba, ya nuna wa malamin asibitin ƙauyensu. Shi zai ba shi takarda zuwa birni, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da sashen masu wannan ciwo. Can za a ciri 'yar tsoka kaɗan a duba a madubin likita, a san ko wane iri ne. Addu'a kuwa ba wanda zai hana ku, ku tafi da ita.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.