Romawa da Kartajawa a Aji Ɗaya

Wata malamar sakandare ta aiko mana da tambaya. Ta ce ta ga wasu makarantu a Amurka suna raba ɗalibansu gida-gida, kowane gida da sunan wani hali da Romawan dauri ke girmamawa: Pietas, wato biyayya ga iyaye da abin bauta da ƙasa, Fides, cika alkawari, Gravitas, kamun kai. Shin sabuwar dabara ce?

Malama, sunayen ne kawai za a iya kira sababbi. Dabarar kuwa ta haura shekara 400 a rubuce, kuma tun wancan lokaci ake jayayya a kanta.

Mafarin zancen wani malami ne a birnin Rum mai suna Kwintiliyan, haifaffen ƙasar Sifen, wanda Sarki Besfasiyan ya yanka wa albashi daga baitulmali. A littafinsa na koyar da iya magana, wanda ya kammala wajen shekara ta 95 Miladiyya, ya ƙi yarda da dukan yara, ya ce bulala wulaƙanci ce da ke kashe zuciya. Abin da ya yaba shi ne al'adar malamansa: sukan jera ɗalibai bisa ƙwazo, wanda ya fi kowa ya zama shugaban aji, amma duk bayan kwana 30 sai a ba waɗanda aka kayar damar sake karawa. Cikakken littafin ya ɓace wa Turai ƙarnoni da dama, sai a 1416 aka gano kwafinsa a wani gidan 'yan zuhudu da ke ƙasar Suwizalan ta yau.

Waɗanda suka ɗauki shawarar da gaske su ne limaman Katolika 'yan ƙungiyar Jesuwit. Sun buɗe makarantarsu ta Mesina a tsibirin Sisili a 1548, kuma a 1599 suka fitar da kundin dokokin koyarwa, Ratio Studiorum. Ba sa karɓar kuɗin makaranta, don haka ajujuwa suka cika maƙil, wani ajin ya haura yaro ɗari a gaban malami ɗaya. Sai suka raba aji sansani biyu, galibi Romawa da Kartajawa, tsofaffin abokan gaba da suka yi yaƙi uku kafin Rum ta rushe birnin Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya. Kowane sansani an kasa shi goma-goma, kowane goma da shugabansu mai sauraren hadda, mai tattara aikin gida, mai rubuta sunan wanda bai zo ba. A samansu akwai muƙamai masu sunayen sarautun Rum, waɗanda ake samu da kyawun rubutu a jarrabawa, kuma ake iya rasawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kowane yaro yana da abokin hamayya takamaimai a ɗaya sansanin, wanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Idan yaro ya miƙe yana karanto jimlar Latin ya yi tuntuɓe, abokin hamayyarsa ne zai yi wuf ya gyara masa, makin ya tafi ga sansaninsu. Kenan na ƙarshen aji ma yana da wanda zai iya kayarwa, kuma nasararsa tana shiga lissafin jama'arsa. Duka bai ƙare ba, amma dokar ta hana malamin yin sa da hannunsa, sai wani ma'aikaci wanda ba ɗan ƙungiyar ba. Daga waɗannan makarantu masanan Faransa Dekart da Bolter suka fito.

Masu adawa ba su yi shiru ba. A Faransa, malaman ƙananan makarantun Port-Royal sun ce wannan noman girman kai ne da hassada a zuciyar yaro: ta yaya za ka koya wa yaro tawali'u alhali kullum kana zuga shi ya danne ɗan'uwansa? Su sai suka ba kowane malami yara biyar ko shida, suka kau da gasa. A can marubucin wasan kwaikwayo Rasin ya yi karatu, kafin hukuma ta rufe makarantun a 1660. A 1762 marubuci Ruso ya sake tayar da ƙarar a littafinsa Emil, inda ya nemi kada yaro ya yi gasa da kowa sai da kansa na jiya.

Ƙorafin nan yana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa ganin fuskar yaron da aka kira sunansa a ƙarshe ranar ba da sakamako ya san haka. Duk da haka ni ina bayan Kwintiliyan da almajiransa. Hujjata ta fito daga gidan masu adawar: masani Paskal, wanda ɗan gida ne a Port-Royal, ya rubuta cewa yaran makarantun da aka hana wannan ƙaimi sukan faɗa halin ko-in-kula. Ga kuma batun yawa. Malami ɗaya da yara shida abu ne na masu hali. Malamin da ke gaban yara ɗari dole ya ɗora wa yaran nauyin juna. Sharaɗin da ya sa tsarin ya yi adalci shi ne a haɗa yaro da tsaransa, kuma a bar ƙofar ramuwa a buɗe. Inda aka yar da waɗannan biyu, Ruso ne ke da gaskiya.

Fafaroma ya rushe ƙungiyar Jesuwit a 1773, aka maido ta a 1814, kuma al'adar ta ci gaba: a labarin James Joyce na 1916, yara a makarantar Jesuwit ta Ayaland suna karawa a lissafi da sunan York da Lankasta, gidajen sarautar Ingila da suka taɓa yaƙar juna. Gidajen da muka sani a makarantunmu kuwa ta wata hanyar suka zo, daga ɗakunan kwanan makarantun Ingila, har suka iso Kwalejin Katsina wadda ta zama Barewa. A can sunayen mutane aka sa wa gidajen, irin su Lugard, Ɗan Hausa da Nagwamatse.