Baƙon Yamma: Neman Asalin Kakanmu Tsakanin Tasawa da Mayahi

A Amurka, jikokin mutanen Foland masu neman asalinsu sukan fara da rajistar tsibirin Ellis, inda baƙi fiye da miliyan 12 suka bi tsakanin 1892 da 1954. Sau da yawa sai su tarar an rubuta kakansu ɗan Rasha ko Ostiriya ko Jamus, domin daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasar Foland a taswira. Mu a Tasawa da Mayahi ko irin wannan takarda mai ruɗarwa ba mu samu ba. Tsofaffinmu da yawa takardar haihuwarsu cewa kawai ta yi an haife su "wajen" shekara kaza.

A gidanmu ana kiran kakan mahaifina Baƙon Yamma. Mu dai Gobirawa ne, da zanenmu da komai, amma gwaggona ta ce shi askarsa daban ce: zane uku a kowane gefe, daga gefen goshi zuwa haɓa, ga wani ya gitta daga hanci zuwa kumatu. Duk wanda ya zauna da Mosawan Burkina Faso ya san wannan aska. Ta kuma ce lokacin yunwar Kakalaba 'ya'yansa biyu sun isa zuwa gona. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, ke nan ya iso ƙasar nan wajen 1900.

To, me zai kawo Bamoshe ƙasar Mayahi a wannan lokaci? Fatauci na iya kawo shi, amma fatakenmu ne suka fi nufar yamma neman goron Gwanja. Abin da ya fi dacewa da labarin shi ne rundunar Voulet da Chanoine. Chanoine ya ratsa ƙasar Mosi ya kwashi 'yan dako da ƙarfi, rundunar ta yi gabas a farkon 1899, ta yaƙi Sarauniya a Lugu, ta ragargaza Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta turo ya tsayar da ɓarnar. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine, ga kaburburansu nan a Maijirgi. Cikin irin wannan hargitsi, ɗan dakon da ya sami dama ba zai jira a sallame shi ba.

Wanda ke son bin sawun nasa kakan a takardu ya tuna cewa har 1927 kumandan a Tasawa yake zaune, kafin a mai da mazauninsa Maraɗi. Saboda haka da sunan Tasawa ake neman tsofaffin rahotannin ƙidaya da haraji, a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai ko a Dakar. Sai dai Nasara sunan maigida mai biyan haraji ya damu da shi, ba inda ya fito ba.

Wahalar ma ba a takardu take ba. Baffana bai so a tona zancen ba, kuma na fahimce shi: a nan, da an ce "an kawo shi a ɗaure", kunne "bawa" yake ji, kalmar da har gobe tana ɓata neman aure. Ni a ganina mutumin da ya tsere wa Voulet, ya sari daji, ya haƙa rijiyar da muke sha, ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wannan hukuncin 'yan gida ne, ba na malami ba.

Don haka malaman da ke ba yara aikin tambayo asalin gidansu, ina roƙonku kada ku sa kowa ya karanta nasa a gaban aji. Ku ba su tambayoyin da tsohuwa za ta iya amsawa cikin sauƙi: wace aska ce a fuskar kaka, wa ya haƙa rijiyar gari, wace yunwa ce ta same su da goyo. Yaro ya rubuta a littafinsa, da sunan wadda ta faɗa da ranar da ta faɗa, ya kai wa iyayensa su adana.